Ɗahiru Direba da Shekara Biyun Cikin Rumbu

Duk wanda ciwo ya taɓa kayarwa a Gidan Mudi da ƙauyukan kewaye, aka ce sai an kai shi likitar Agiye, wato asibitin can, to Ɗahiru ne ya kai shi. Shi ne direban ambilans ɗin merinmu, wato ofishin magajin gari, tun ranar da aka ba mu ita. Ni kuwa sakatare ne a wannan meri, dosiyen ma'aikata, wato takardun aikinsu, duka a hannuna suke, kuma teburina yana kusa da tagar da ke kallon inda yake ajiye motar. Abin da zan faɗa a kansa, wani ta wannan taga na gani, wani a dosiye na karanta, wani kuma a gabana aka yi shi.

Dogo ne siriri, mai dogayen hannuwa, ba ya son yawan magana. Motar tasa ta tsufa tun kafin ta zo mana. Ƙofar baya da igiyar guga ake ɗaure ta, batir kuwa ya daɗe da mutuwa, shi ya sa kullum a kan gangaren gindin tsamiya yake ajiye ta, hancinta na kallon ƙasa, don in an kira shi ya saki birki ta gangara ta tashi. Da wannan mota ya yi ta ratsa rairayi da masu naƙuda, da waɗanda maciji ya sara a gona, da Fulanin da saniya ta soka. In korama ta cika da damina, yakan naɗe wando ya shiga da ƙafa ya ji zurfinta, sannan ya dawo ya ja. Ban taɓa rubuta masa takardar gargaɗi ba.

Abu guda ne ke damun Ɗahiru a duniya, shi ne Shu'aibu.

Shu'aibu taubashinsa ne, ɗan Gwaggo Auta, ƙanwar mahaifin Ɗahiru. Shi ma direba ne a merinmu, shi ke jan tarakta da motar kwasar kaya ranar kasuwa. Gajere ne kakkaura, dariyarsa kan riga shi shiga wuri. Ba wani arziki ya fi Ɗahiru ba. Abin da ke ci wa Ɗahiru rai shi ne komai da sauƙi yake zo wa Shu'aibu. In sun yi shuka rana ɗaya, geron Shu'aibu ne ke fara fitar da kai. Permin tuƙi, wato lasisi, sau biyu Ɗahiru ya je Maraɗi kafin ya samu, Shu'aibu sau ɗaya, kuma a hanyar dawowa ya tsinci akuya da ta ɓace wa maƙwabcinsa, gari ya yi ta sa masa albarka. Ban taɓa jin Ɗahiru ya zagi mutum ba, amma kuma ban taɓa jin an yabi Shu'aibu a gabansa ya bar maganar ta wuce ba. Ko cewa aka yi Shu'aibu ya iya ribas, sai ya ce, "Tarakta ce. Ko jaki aka ɗora mata ya yi ribas."

Asalin abin tun suna yara ne. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakol, makarantar boko, a garin, mutane gudun abin suke yi. Gwaggo Auta da ta ji ƙarar motar malamai, sai ta ɗaga ɗanta ta zura shi cikin rumbu, ta mayar da murfi. Ɗahiru kuwa babansa ya tafi cin kasuwar Gangara, aka same shi a bakin rijiya yana ba jaki ruwa. Ba wanda ke da takardar haihuwa a lokacin, don haka malamin yakan sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In ya taɓa, ya kai bakwai. Ɗahiru mai dogon hannu ya taɓa har ya kama. Aka rubuta an haife shi wajen 1965.

Bayan shekara biyu aka yi fari mai tsanani, aka ce lakol na ba yara abinci da rana. Gwaggo Auta da kanta ta riƙo hannun Shu'aibu ta kai shi. Guntun hannunsa da ƙyar ya shafi kunnen. Malamin ya ce wannan yanzu ya cika bakwai, ya rubuta 1967. Gari duka kuwa ya san Shu'aibu ya girmi Ɗahiru da damina guda. Da yake ba wanda ya san wata balle rana, duk irin waɗannan ɗaya ga Janairu ake ba su. A dosiyen merinmu, in ka cire matasa, kowa ranar ɗaya ga Janairu aka haife shi, har da ni.

Wannan ne abu ɗaya tak da Ɗahiru ya taɓa fin Shu'aibu da shi, ya kuwa riƙe shi da hannu biyu. Tun suna samari, in gardamar girma ta tashi, sai ya zaro katinsa na shaida daga aljihu. In suna cin abinci a kwano ɗaya, shi ke fara wanke hannu. Ranar Salla yakan dawo daga idi ya shimfiɗa tabarma a zaurensa ya zauna, yana jiran ƙane ya zo gaida wa. Shu'aibu, da yake ba ya ɗaukar komai da zafi, sai ya zo. Na sha halartar wannan gaisuwa.

"Salamu alaikum. Yayana na takarda, an yi Salla lafiya?"

"Cire 'na takarda' ɗin, ko ka fita ka sake sallama."

"In na cire mi ya rage? Kai dai kawo tuwon, ƙaninka ya sha rana."

Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana odinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka ɗauki Hafsat, wata yarinya ƴar Gazawa da ta yi karatun abin a Maraɗi. Ni na riƙa karanto mata dosiye ɗaya bayan ɗaya, ita tana shigarwa, har ma'aikata duka suka shiga ma'ajiyar bayanai. Ka'idar aikinmu ita ce wanda ya cika sittin ya ajiye aiki. A da, in shekara ta zo ƙarshe, nakan buɗe dosiyen kowa in ƙara sittin a kan shekarar haihuwarsa da biro. Hafsat ta nuna mini nata salon. Ba ta bin mutane ɗaya-ɗaya. Tambaya guda take rubuta wa na'urar: ɗauki ɗaya ga Janairun da ke tafe, cire masa shekara sittin, sannan fito da duk wanda aka haifa a ranar da ta rage ko kafinta. Na gwada lissafinta da nawa a kan sunayen bara, suka zo daidai, na yarda da ita.

A daminar 2024 magajin gari ya sanar cewa za a ba mu sabuwar ambilans bayan kaka. Ya nuna wa direbobi hotonta a waya. Ɗahiru ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko gadon cikinta mai taya ne, ya tambaya ko ƙafafunta huɗu duka suna ja a rairayi. Daga ranar ya sake. Ya share wani wuri a fili, ba a gangare ba, ya kafa masa rumfar kara da hannunsa. Har wasa ya fara yi da mutane.

Cikin watan Oktoba Hafsat ta rubuta tambayarta kamar yadda aka saba. Sunaye huɗu suka fito, na biyu Ɗahiru. Ni na kira shi buro, wato ofishina, don bai kamata ya ji a bakin kasuwa ba.

Ya tsaya a bayan kujerar Hafsat, ya sunkuyo da dogon wuyansa yana kallon allon.

"Ɗiyata, wa ya ba ta sunana?"

"Ba wanda ya ba ta, Baba Ɗahiru. Ranar na ba ta, na ce ta cire sittin. Kun ga abin da ya rage nan, ɗaya ga Janairu 1965. Duk wanda ranarsa ta zo nan ko kafin nan, shi ta fiddo."

"To ina na Shu'aibu?"

"Nasa 1967 ne. Bai shigo ba tukuna."

Ya miƙe tsaye. Bai yi maganar kansa ba, bai tambayi abin da zai ci bayan ya ajiye aiki ba. Cewa ya yi, "Sakatare, sabuwar motar wa za a ba?"

Na ce masa in ta iso kafin ƙarshen Disamba, shi ne. In ta wuce haka, direban da ya rage.

"Direban da ya rage," ya maimaita. Ya fita bai yi sallama ba. Ta taga na ga ya je ya tsaya a ƙarƙashin rumfar da ya kafa.

Washegari ya dawo da wata dabara, da alama ya kwana yana juya ta. Ya ja kujera ya zauna kusa da Hafsat.

"Ɗiyata, shekarun nan da kika cire, na wa ne?"

"Kamar yaya, Baba?"

"Na Nasara ne ko namu? Mu Musulmi ne. Da wata muke azumi, da wata muke layya, da wata iyayenmu suka yaye mu. Shekarar wata ta fi gajarta. Cire sittin na wata mu gani."

Hafsat ta dube ni. Na ce ka'ida ba ta ce haka ba, kuma ba abin da za a buga a takarda, amma gani ba laifi ba ne. Ta mayar da shekara sittin na wata zuwa kwanaki, ta sa na'urar ta cire su daga ranar. Abin da ya rage ya faɗo cikin Oktoban 1966. Sunaye huɗun jiya suka sake fitowa. Shu'aibu ba ya ciki.

"Da kaɗan ya tsira, Baba," in ji Hafsat, tana danne dariya. "Wata biyu da ƴan kwanaki."

Ɗahiru ya tafa hannu. "Kun gani ko? Kun gani da idonku? Mutumin nan ko da watan Allah aka biyo shi sai ya zille. Ni da na tsaya a fili aka kama ni, ni aka yanke wa. Shi da ya ɓuya a rumbu yana cin ɗanyen gero, an ba shi kyautar shekara biyu da sabuwar mota."

Daidai nan Shu'aibu ya leƙo ta ƙofa, ya zo karɓar takardar mai. Labari ya riga ya kai masa.

"A'a, tsoho, kai ne nan? An ce injin ya gano ka. Kar ka damu, in ta zo ni zan riƙa kai ka awon hawan jini. Gaba zan sa ka, ba baya ba."

"Kai ka girme ni, kowa ya sani!" in ji Ɗahiru da ƙarfi.

Shu'aibu ya kama haɓa, ya juyo wajena. "Sakatare, rubuta wannan. Sa rana da wata. Shekara arba'in ina jiran in ji ta."

"Ban ce komai ba," in ji Ɗahiru, ya tashi ya fita.

Amma maganar ta riga ta shiga ransa. Bayan kwana biyu ya same ni ni kaɗai, ya tambaya yadda ake gyara shekarar haihuwa. Na gaya masa ba ni ke gyarawa ba, ba Hafsat ba, ba magajin gari ba. Sai an je kotu da shaidu, alƙali ya ba da takarda, sannan mu shigar. Na kuma gaya masa gaskiya, tasa shekarar ba ta da abin gyara, kusan daidai take.

"Ba tawa nake nufi ba."

Na ajiye biro. Na ce, "Malam Ɗahiru, ko an gyara ta Shu'aibu, kai ba za ka zauna ba. Ku biyu za ku tafi. Wa zai ja motar?"

"A kawo kowa. Ko ɗan kabu-kabu mai babur ne a koya masa."

Cikin waɗanda suka ga haihuwarsu, Gwaggo Auta kaɗai ta rage. Ya roƙe ni in raka shi, don in ji da kunnena ko maganarta za ta karɓu a kotu. Na bi shi, da fatan tsohuwar za ta yi abin da ni na kasa.

Mun same ta da hantsi a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Shu'aibu ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa. Ɗahiru ya cire takalmi ya durƙusa, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso ga abin da ya kawo shi.

"Gwaggo, tsakanina da Shu'aibu, wa aka fara haihuwa?"

"Yau kuma? Ba kai ke da kati ba?"

"Ina son in ji daga bakinki."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ranar sunanka ni na daka furar. Wancan yana bayana a goye, yana cizon kafaɗata da haƙora biyu. Sai ka yi lissafi, ga mai lissafi ka zo da shi."

"Za ki faɗi haka gaban alƙali?"

Sai ta ɗago. Ta sa ya bayyana mata komai, motar, da injin da ke cire shekaru, da abin da zai faru in an gyara. Ta saurara har ƙarshe. Na zaci za ta yi faɗa. Dariya ta yi, har ta share ido da gefen zane.

"Zan je. Ƙarya ce ba na yi, gaskiya ko a Yamai na faɗe ta. Wancan ya sauka ya huta, dama gonarsa na son mai ita. Amma ba ni kaɗai zan yi magana ba. Kai ka kai ƙara, kai za ka fara tsayawa ka ce, ni Ɗahiru ƙane ne. Alƙali ya rubuta, ya buga hatimi. Daga nan kuma, ɗan yayan nan nawa, an gama shimfiɗa tabarma a zaure. Salla ƙarama da babba, kai za ka taka ka je gidan wancan, ka cire takalmi a ƙofa kamar yadda ka cire mini yanzu. In an kawo kwano, ka jira ya wanke hannu."

"Gwaggo, ai wannan daban, wancan daban."

"Ɗaya ne. Shekara biyun nan ba ka iya ƙwace su a buro ka bar su a gida. Shekara arba'in yana zuwa gaishe ka, ina kallo ban ce komai ba, don na ga abin yana maka daɗi, shi kuma bai rage shi da komai ba. Zaɓi guda. Ungo gyaɗa."

Ta zuba masa a hannu. A hanyar dawowa bai ci gyaɗar ba, yana riƙe da ita har muka iso meri. A bakin ƙofa na tambaye shi ko in rubuta masa takardar neman zama a kotu. Ya daɗe yana kallon rumfar.

"Bari tukuna," ya ce. Bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya rage masa shi ne motar ta iso kafin shekara ta ƙare. Kaka ta wuce, aka ɗaure gero, aka kai rumbu. Kullum da safe sai ya leƙo tagata, ba ya tambaya, kallona kawai yake yi, ni kuma in girgiza kai. Aka ce tana Kwatano, aka ce tana Yamai ana yi mata takardu. Ranar ƙarshe ta Disamba ya wanke tsohuwar motarsa, ya sake mata igiyar ƙofa, ya ajiye ta a gangare, ya kawo mini makulli.

Sabuwar ta iso cikin Fabrairu. Shu'aibu ne ya je Maraɗi ya taho da ita. Kafin ya kai ta meri, sai da ya bi ta ƙofar gidan Ɗahiru ya tsaya, yara na biye da shi. Ina wurin, don magajin gari ya aike ni in tarye ta. Shu'aibu ya sauko ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Yaya, ga ta. Zagaya da ita gari ka sa mata albarka."

Bai ce "na takarda" ba. Na lura, na kuma san Ɗahiru ya lura. Ya dubi makullin, ya dubi farin fentin, ya leƙa ta gilashi ya ga gadon mai taya. Hannunsa ya ɗan motsa, sai ya mayar da shi baya ya haɗe da ɗayan.

"Ni ba ma'aikaci ba ne. In na goge ta wa zai amsa? Allah ya tsare hanya." Ya juya zai shiga gida, ya waiwayo. "Kuma ka daina ɗora ƙafa a kan kuloci. Tun daga kwalta nake jin kukanta."

Yanzu Ɗahiru noma yake yi, yana kuma gyara injin ban-ruwa ga masu lambu. Da la'asar yakan zauna a gindin tsamiya, kusa da tsohuwar motar da ba a sake tayarwa ba. In sabuwar ta fita, yakan bi ta da kunne har ta ɓace, sannan ya gaya wa na kusa da shi inda aka makara canza giya. Da Salla ƙarama ya shimfiɗa tabarmarsa, Shu'aibu ya zo.

Wata ranar Laraba bayan Sallar ya shigo buro, ya gaishe ni, ya ja kujera kusa da Hafsat.

"Ɗiyata, injin nan naki dole sai ranar bana yake karɓa?"

"A'a, Baba. Kowace rana na ba shi zai cire."

"To ba shi Janairun 2027."

Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta sauya ranar, ta bar sittin ɗin yadda yake, ta danna. Sunaye suka jeru. Ɗahiru ya zaro tabarau, ya bi su da dogon yatsansa har ya iso inda yake nema. Ya karanta sunan a hankali, da sunan uba, da ranar haihuwa.

"Ashe yana ciki," ya ce.

"Yana ciki, Baba. In kashe?"

"Bar shi tukuna."

Ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallo. Ta taga muna jin Shu'aibu yana wanke mota a ƙarƙashin rumfar, yana yi wa wani dariya. Tun daga ranar, duk wata sai Ɗahiru ya zo an nuna masa, kuma Hafsat ta ajiye tambayar a gefe don kada ta riƙa sake rubutawa.